Iska Ya Shiga Garwa

A yau idan mai ya ƙare a kicin, sai a je kanti a sayo galan mai hatimi, a buɗe, a yi ta zubawa wata da watanni ba wanda ya sunkuya ya shinshina. Jikokina da ke koyon girki a Kaduna sun ɗauka haka Allah ya halicci mai, abu ne da ba ya tsufa. A zamaninmu mai yana lalacewa kamar nama, sai dai shi a hankali yake yi. Da farko ƙanshin ya gudu, sai wani wari kamar na tsohon fenti ya biyo, daga nan ya fara kartar maƙogwaro. Mu kukuna muna cewa ya juya. Wanda bai san hanyar hana mai juyawa ba, bai gama koyon aiki ba, ko da miyarsa tana tayar da maƙwabta daga barci.

Ni mutumin Madakiya ne, amma a cikin jirgin ƙasa na koyi girki, a taragon abinci, ƙarƙashin wani dattijo mutumin Kalaba da muke kira Oga Etim. Kicin ɗin tarago bai fi faɗin hannu biyu ba. Murhun kwal ne, tukwane kuma sai an ɗaure marfinsu da waya, don in jirgi ya sha kwana bayan Kafanchan miya takan nemi hanyar fita. Abin da Oga Etim ya fara koya mini ba riƙon wuƙa ba ne. Kowace safiya yakan ɗiga mai a bayan hannuna, in shinshina, in lasa, in faɗa masa ko na jiya ne ko na makon da ya wuce. In na yi kuskure ba ya duka, sai ya sa in soya ƙwai da man da na yaba in cinye a gabansa. Shi ne kuma ya nuna mini cewa in na yanka piya, wato fiya, don Turawan aji na ɗaya, in matsa mata lemun tsami nan take, in ba haka ba kafin faranti ya kai tebur ta yi baƙi. Na tambaye shi dalili. Ya ce dalilin shi ne Bature ba ya cin baƙar piya.

Jirgi ya kai ni wurare, kuma duk inda muka kwana nakan shiga kasuwa in ga yadda mutane ke ajiye mansu. A Inugu na ga manja yana daɗewa muddin yana da jansa, amma in aka ƙona shi a wuta har ya yi fari don suya, ba ya jimawa. A Maiduguri mata suna soya man shanu da albasa su ɗura a kwalba har wuya. A Kano man gyaɗa yana cikin tulu a lungun ɗaki, inda rana ba ta kaiwa. A Ibadan wata mai abinci ta ƙwace ludayi daga hannuna don ta ga tsatsa a jikinsa. Na iya harsunan waɗannan mutane gwargwado, na tambaye su, kowa da nasa dalilin, amma abin da suke tsoro ɗaya ne: rana, da buɗaɗɗen baki, da tsohon ƙarfe. Na daɗe ina juya wannan a raina ban sami bakin zarensa ba.

Bayan yaƙin basasa na bar jirgi na dawo gida, na sami aikin babban kuku a wata makarantar kwana ta 'yan mata da ikkilisiya ke riƙe da ita kusa da Zonkwa. A nan tukwanen ƙarfe ne masu ƙafa uku, da muciya mai tsawon mutum, da murhun duwatsu a ƙarƙashin rumfar kwano. Masu cewa girkin makaranta ai zuba ruwa ne da wake, su zo su tuƙa tuwon dawa na ɗaruruwan baki ba tare da gudaji ba. Kuma ban taɓa samun masu cin abinci masu wuyar sha'ani kamar 'yan matan nan ba. Bature in bai ji daɗi ba yakan kira ka ya yi faɗa a wuce wurin. Su ba sa faɗa, waƙa suke haɗa maka, da sunanka a ciki, su yi ta rera ta a bakin rijiya har zangon karatu ya ƙare.

Man gyaɗarmu daga hannun Mama Saratu yake zuwa, wata gwauruwa a wani ƙauye kusa da Kwoi. Ita ce mai buga tulu a zumuntar mata ta cocinsu, kuma in ka ji tulun nan daga nesa ka san hannunta ne. Na taɓa yini a gidanta ina kallon aikinta. Ta soya gyaɗa, a niƙa, ta yi ta murzawa a turmi tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Sai ta ɗora man a wuta har ya daina tsartuwa, alamar ruwa ya fita ke nan. Tun yana da ɗumi take jefa busasshiyar citta a ciki, irin wadda mutanen Kwoi ke tsagawa su shanya a kan duwatsu. Garwa sabuwa take nema, ba mai tabo ba, ta cika ta har baki, ta toshe, ta shafe bakin da kakin zuma, ta kai ɗakin da ba taga. Hausarta irin ta iyayenmu ce a wannan yanki, wadda ba ta raba mace da namiji. Ko 'yarta take nufi, sai ta ce ya tafi rafi.

A tsakiyar shekarun saba'in aka yi shekarar da gyaɗa ta ƙi. Ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, gindin ya tsugune, in ka tuge sai ka ga saiwa kawai. Mai ya yi wuya har a Kafanchan. Makaranta ta yi gaggawa ta sayi duro guda daga wani ɗan kasuwa, aka ajiye shi a bakin rumfar kicin inda rana ke dukansa da yamma. Tsohon duro ne, cikinsa da tsatsa, kuma kullum muna ɗiba yana ƙara zama fanko. Kafin ya kai rabi ya juya. 'Yan mata suka fara tari a ɗakin cin abinci, suna barin wake a kwano, waƙa kuwa ta fito. Sai labari ya zo mana cewa Mama Saratu tana da garewani tun na kakar bara, kuma ba abin da ya same su.

Ranar da za mu ɗauko su, Baba Fasto Yakubu ya ce zai bi mu a motar makaranta, yana da gaisuwar rashi a wajen. Shi ne limamin makarantar, kuma yana kula da coci-cocin wannan gunduma, har da na su Mama Saratu. Ɗan ƙasarmu ne, amma ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya yi shekaru yana aikin bishara a ƙasar Katsina cikin Maguzawa. Hausarsa ta fi ta kowa a cikinmu tsabta. A can kuma ya ga bori da idonsa, ya ga ana yanka wa iskoki kaza.

Mama Saratu ta shigar da mu ɗakin nan mai duhu, ta yaye tsumma daga kan garewani. Baba Fasto ya ga baki shafe da kaki, ya girgiza ɗaya ya ji wani abu yana motsi a ciki, ya sa farce zai ɓamɓare. Ta kama hannunsa.

"Baba Fasto, kada ka buɗe. Iska zai shiga."

Ya tambaye ta a hankali, wane iska.

"Iska mana. In ya shiga, ya cinye mai. Shi ya sa ina sa masa citta, ya ci citta ya bar mini mai."

Ni a kunnena magana ce ta kicin. Amma na ga fuskar Baba Fasto ta sauya. A Hausar da ya koya, iskar da ke kaɗawa ta ake ce mata. Wanda ake ce wa ya shiga, ya ci, a ba shi wani abu ya ci don ya bar maka naka, wannan wani ne daban, iskan bori ke nan. Ga ɗaki mai duhu, ga saiwa a cikin garwa, ga man kowa ya lalace nata bai lalace ba. Kuma duk yankin an san mahaifinta yana cikin dattawan dodo, masu tsafin gargajiya, kafin ya rasu. Bai yi mata faɗa ba. Mun loda garewani, amma da muka isa makaranta ya sa aka kulle su a sito, ya ce ba ɗigon da zai shiga bakin 'ya'yan mutane sai dattawan ikkilisiya sun zauna.

Ku na yanzu ba ku san nauyin wannan ba. In dattawa suka same ta da laifin tsafi, horo za a sa ta. Za ta koma bencin baya, ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da inabin da ake raba wa masu bi a coci, za a karɓe tulun daga hannunta, kuma ba matar coci da za ta sake sayen manta. Gwauruwa ce, coci ne danginta. Tun kafin a zauna ma, da maganar ta zaga, ita da kanta ta ajiye tulun ta koma baya ta zauna, ta ce ba za ta buga wa Allah kiɗa ana nuna ta da baki ba.

Na sami Baba Fasto a ofis na ce masa, Baba, matar nan ko akuya ta haihu ya haihu take cewa. Ya ce ya san da haka, shi ma uwarsa haka take magana. Amma ya ce in faɗa masa, tunda na zaga duniya, a ina na taɓa ganin iskar Allah tana cin citta? Tambayar da na ɗauko tun daga taragon Oga Etim ce ta dawo mini a bakin wani.

Sai na nemi Malam Bitrus, malamin kimiyya, ɗan Kagoro da bai daɗe da gama jami'a a Zariya ba. Ya zo rumfar kicin bayan abincin rana, ya shinshina duron nan, ya leƙa cikinsa. Na yanka masa gauta biyu, na matsa wa ɗaya lemun tsami, muka zauna muna kallon ɗayar tana yin duhu. Na ce, Malam, wannan na iya shi tun ina saurayi, amma ban san me nake yi ba.

Ya ce a cikin iskar da muke shaƙa akwai wani kaso da ake kira oksijin, shi ke sa wuta ta ci, shi ke sa ƙarfe tsatsa. Mai kuma, kamar kowane abu, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma a jikinsu akwai wasu 'yan abubuwa da ba sa zama lafiya sai biyu-biyu. Zafin rana ko tsatsar ƙarfe sukan fizge ɗaya daga cikin biyun. Ƙwayar da aka bari da guda ɗaya ba ta da haƙuri. Sai ta kama oksijin, ta ƙara zafin rai, ta fizgi na maƙwabciyarta don ta cike nata. Ita ma maƙwabciyar ta juya kan ta kusa da ita. Haka abin zai yi ta tafiya har garwa ta lalace.

Na ce masa wannan ai na san shi a aji na uku na jirgi. Mutum ɗaya ya shigo a Kafanchan ba shi da wurin zama, ya ture wani. Wanda aka ture ya ture na gaba. Kafin a kai tasha ta gaba duk tarago ya kaure, alhali mutum ɗaya ne ya rasa kujera. Kuma na ga yadda abin yake mutuwa: wata tsohuwa ta tashi ta ce zo ka zauna, ɗana, ta koma kan ƙunshin kayanta ta zauna abinta, ba ta ture kowa ba.

Malam ya buga cinya ya ce tsohuwar nan ita ce cittar. A cikin citta, da lemun tsami, da jan da ke cikin manja, akwai ƙwayoyin da za su iya ba da nasu guda ɗaya ba tare da sun zama masu fizge ba. In mai fizgen ya iso kansu, a nan rigimar take tsayawa. Amma ba su da yawa har abada, suna ƙarewa, shi ya sa dole a cika garwa a toshe ta a kai ta duhu, don kada a tara musu aikin da ya fi ƙarfinsu. Ya faɗi sunan masu fizgen da Turanci, ya ce ma'anarsa sakakku, marasa abokin zama. Na ce, abin da iska ta haifa, ba shi da gida, yana yawo yana ƙwace, ai a Hausa yana da suna tun da daɗewa. 'Yan iska ke nan. Dariya ta hana shi magana.

Amma Malam ya ce magana ba za ta ishi Baba Fasto ba, kuma bai kamata ta ishe shi ba. Ya ba da shawara a gwada, kuma Baba Fasto ya yi komai da hannunsa, ba hannun Mama Saratu a ciki. Baba mutum ne mai son gaskiya, ya yarda, ya ɗage zaman dattawa. Matarsa ta matse ɗan sabon mai daga gyaɗar da suka ajiye. Ya zuba rabi-rabi a kwalabe biyu ya bar su a buɗe a tagar ofishinsa, ya jefa tsohuwar ƙusa a kowace, ɗaya kuma ya ƙara mata cittar da ya ɗauko daga kicin ɗin gidansa. Wata kwalbar ya cika ta har baki, ya toshe da kyandir, ya sa a kabad. Mukullin ofis yana aljihunsa.

Makonnin nan sun yi mana tsawo. Muna dafa wake da gishiri da barkono, sai ɗan manja in an samu. Garewani suna kulle a sito ina wucewa ta gabansu kullum. A taron zumuntar mata na gunduma da aka yi a makarantarmu, na hango Mama Saratu a can baya, hannuwanta a kan cinya, wata tana buga tulun kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Da aka tashi ta zo kicin ta gaishe ni. Ba ta tambayi hukunci ba. Ta tambaya ko siton yana da taga.

Ranar da aka buɗe kwalabe mu uku ne a ofis. Malam ya ja mana kunne cewa ƙanshin citta yana iya rufe wari, don haka kada mu yarda da hanci, a lasa, a jira a ji maƙogwaro. Na kawo dafaffiyar doya. Baba Fasto ya fara da kwalbar da ba citta. Bakinta ya yi danƙo. Ya dangwala, ya haɗiye, ya yi tari har ya nemi ruwa. Mai cittar ta ɗan gaji, ni da na saba na ji ta fara tafiya, amma ba ta karta. Ta kabad kuwa kamar jiya aka matse ta. Ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya, ya zauna yana kallon cittar a gindin kwalba.

Can ya tambayi Malam, wannan oksijin ɗin, ba shi ne muke ja cikin ƙirjinmu ba? Malam ya ce shi ne. Ya ce a jami'a ya karanta cewa masana suna ganin abin da ke faruwa a garwa yana faruwa a jikin mutum. Jiki yana ƙona abinci da oksijin don ya sami ƙarfi, kuma a cikin wannan aikin 'yan iskan nan sukan kuɓuce, su taɓa kitsen da ke kewaye da ƙwayoyin jiki. Jiki yana ƙera nasa masu tare su, sauran kuma yana samu daga ganye da 'ya'yan itace da mai mai kyau. Ya ƙara da cewa kada a fita a ce shi ya ce citta tana hana tsufa, don abin da aka sani bai kai nan ba. Baba ya ce, ashe numfashin da ke riƙe da mu shi ne kuma yake cinmu kaɗan-kaɗan. Malam ya ce kusan haka ne. Baba ya ciro mukullin sito ya miƙo mini.

Ran Lahadi ya tafi ƙauyen da kansa, na bi shi. Bayan wa'azi ya fito da kwalaben nan daga jaka ya jera a kan tebur, ya ba jama'a labarin abin da ya ji da abin da ya zata da abin da ya lasa. Ya ce ba wani zaman dattawa. Ya ɗauki tulun daga gaba, ya taka har bencin baya ya ajiye shi a kan cinyarta. Sannan ya sunkuya ya ce mata, yadda na kusa suka ji:

"Mama, don Allah daga yau ki riƙa cewa iska ta shiga. Ta, ba ya ba."

Ta gyara zaman tulun, ta gwada bakinsa da tafin hannu.

"Baba Fasto, ko ya ko ta, in ya shiga mai ya lalace."

A ranar ta ci Jibi tare da kowa. Washegari na ɓamɓare kakin garwa ta farko, na soya albasa, ƙanshin ya kai har azuzuwa. Daga lokacin duk man da ya shigo kicin ɗina, a ƙananan garewani nake raba shi, cike har baki, da citta a ciki, a buɗe ɗaya sai ta ƙare a taɓa wata.

Wata jikata da ke aikin jinya ta gaya mini cewa yanzu an gano jiki ma yana amfani da 'yan iskan nan wajen kashe ƙwayoyin cuta, wato ba a so su ƙare gaba ɗaya, a dai hana su yawa. Na so a ce Malam Bitrus yana nan in ji me zai ce. Ta kuma nuna mini a jikin galan inda aka rubuta cewa an zuba wa man abin hana shi juyawa tun daga masana'anta.

Gyaɗa ba ta koma yadda take a da ba. Kafin shekarun saba'in su ƙare, makarantar ta koma sayen man masana'anta, Mama Saratu ta daina matsa sai na gidanta, tana buga tulunta har hannunta ya gaza. Tun daga nan ba a sake neman kuku ya san mai da hancinsa ba, kuma ba a sake jefa citta a garwar makaranta ba.